Lissafin wutar lantarki: amsoshin tambayoyin da ake yawan yi mini a Zangon Kumasi

Aikina ɗaura wayar wuta a gidaje da shaguna, kuma akwai yara masu koyon aiki a hannuna. Tambayoyin nan su ne waɗanda ba sa yankewa, daga 'yan haya a Aboabo da Asawase, da masu wayarin ɗin mota a Suame Magazine, da ɗalibai masu shirin WASSCE. Kusan dukansu wuri ɗaya suke komawa: lambobin da ke rubuce a bayan kowane kayan wuta, da ninkawa da rabawa irin ta ɗan firamare. Burina mutum ya san nauyin da wayarsa za ta ɗauka tun kafin ta fara ƙauri.

Malam, kullum muna jin bolt da amfiya da wat. Mene ne bambancinsu?

Ɗauki tankin ruwa da aka ɗora a saman bene. Tsayin wurin da aka ɗora shi ke ba ruwan ƙarfin turi, wannan shi ne bolt. Yawan ruwan da ke wucewa cikin bututu a kowace daƙiƙa shi ne amfiya. Ƙuncin bututun da ke hana ruwan wucewa yadda yake so shi ne turjiya, da om ake auna ta. Wat kuwa shi ne yawan aikin da ake samu idan turi da kwarara suka haɗu.

Ma'aunan nan duk sunayen mutane suka ci: Alessandro Volta ɗan Italiya da ya haɗa batir na farko a 1800, da André-Marie Ampère ɗan Faransa, da James Watt mai injin tururi, da Georg Simon Ohm, malamin makaranta Bajamushe da ya wallafa dokarsa a 1827. A Gana, wutar da kamfanin ECG ke kawowa gidaje bolt 230 ce, tana juyawa sau 50 a daƙiƙa. Bolt ɗin ba kai ke zaɓa ba. Abin da ke hannunka shi ne amfiya, domin kayan da ka jona su ke yanke nawa za a ja.

To yaya lissafin yake?

Ƙa'ida biyu ce. A littafi ana rubuta V a madadin bolt, I a madadin amfiya, R a madadin om, P a madadin wat.

Ta farko, dokar Ohm: V = I × R. Idan turjiya kake nema, R = V ÷ I. Idan amfiya ce, I = V ÷ R.

Ta biyu: P = V × I. Idan amfiya kake nema, I = P ÷ V.

Idan aka haɗa su sai a sami wasu biyu, P = V × V ÷ R da P = I × I × R. Ta ƙarshen nan nake so kowane yaro mai koyon aiki ya haddace, saboda ita ke bayyana yadda waya ke zafi. A jikin kaya kuma za ka ga V, A, W, da alamar Ω ta om. Abu ɗaya ke yawan kayar da ɗalibai: idan an ba ka miliamfiya, raba da 1,000 tukuna. Miliamfiya 20 amfiya 0.02 ke nan.

Dutsen gugata an rubuta 1000W, 230V. Amfiya nawa yake ja, kuma turjiyarsa nawa ce?

Hajiya, 1,000 ÷ 230 ya ba da amfiya 4.35. Turjiya kuma 230 ÷ 4.35, wato wajen om 53.

Amfanin sanin om 53 ɗin shi ne ranar da dutsen ya daina zafi. Mai gyara zai zare shi daga soket, ya murɗa maɓallin zafi har ƙarshe, ya ɗora mitar gwaji a ƙafafun fulogi biyu. Idan ya ga lamba kusa da 53, zaren da ke cikin dutsen lafiyarsa ƙalau. Idan mitar ta nuna hanya a yanke take, sai ya bi ta gaɓa gaɓa: fiyus ɗin fulogi, igiyar da ke yawan karyewa daga ciki a daidai inda take lanƙwasa, maɓallin zafi, sannan zaren. Sau da yawa igiyar ce, amma sai a jefar da dutse mai kyau a sayi sabo. Butar lantarki mai wat 2,000 kuma amfiya 8.7 take ja, turjiyarta wajen om 26. Ki lura, kayan da ya fi cin wuta shi ne mai ƙaramar turjiya.

Allon soket ɗina mai rami huɗu ya narke, alhali rami uku kawai na cika. Me ya jawo?

Yawan ramuka ba ya nuna ƙarfin allo. Duk abin da ka jona, ta igiya ɗaya da fulogi ɗaya yake wucewa zuwa bango. Fulogi mai ƙafa uku irin wanda muke amfani da shi iyakarsa amfiya 13, kuma 13 × 230 wat 2,990 ke nan. Ka riƙe wannan lamba, ita ce iyakar allon gaba ɗaya, ko rami goma gare shi.

Mu ɗauki safiyar sallah a ɗaki ɗaya. Buta tana tafasa ruwa, wat 2,000. Ana goge kayan yara, wat 1,000. Tukunyar dafa shinkafa ta lantarki tana aiki, wat 700. Jimla 3,700. Raba da 230, amfiya 16 da ɗoriya. An wuce iyaka, kuma wannan idan allon mai inganci ne. Da yawa daga masu arha da ke kasuwa, idan ka yanka igiyar, silin jan ƙarfen da ke ciki bai taka kara ya karya ba, roba ce ta yi kauri. Wasu ko fiyus babu. Irin wannan, buta kaɗai ta isa ta dafa shi.

Kada kuma ka ce ai fiyus zai cece ka. Fiyus mai amfiya 13 ba ya yankewa da zarar an kai 14. Yana iya ɗaukar 16 na tsawon lokaci, fulogin yana ta zafi, robar tana laushi. Alamomin da nake gani idan aka kira ni ba sa canzawa: bakin rami ɗaya ya yi ruwan ƙasa, fulogi ya manne sai an ɓamɓare shi, ga wari mai kama hanci. Igiyar da aka naɗe ko aka tura ƙarƙashin katifa ko darduma ta fi saurin kamawa, don zafin ba shi da mafita.

Ni a ganina duk abin da aikinsa zafi ne, buta, dutsen guga, hita, murhun lantarki, soket ɗin bango ya kamata ya samu shi kaɗai. Allo na talabijin ne da dikoda da caja, waɗanda ko an tara su da wuya su kai wat 200.

Fiyus yana yawan ƙonewa. Laifi ne in ɗaura silin waya a madadinsa?

Laifi ne babba. An yi fiyus ne ya zama wuri mafi rauni a layi, don ya mutu kafin wayar da ke cikin bango ta yi zafi. Idan ka ɗaura waya mai kauri ko takardar azurfa ta kwalin taba, raunin ya koma cikin silin ɗin ɗakinka inda ba ka gani. Fiyus da ke yawan ƙonewa ko bireka (makunnin da ke yanke wuta da kansa idan amfiya ta yi yawa) mai yawan faɗuwa, sanarwa ce: ko kaya sun yi yawa, ko wani abu yana haɗa wuta. Tara wat ɗin, raba da 230, za ka san wanne ne. Wajen saye kuma, kayan da bai kai wat 700 ba fiyus mai amfiya 3 ya ishe shi, in ban da irin su firij da ke fizgar wuta lokacin tashi.

Maigida, me ya sa kake hana mu jan layin soket da ƙaramar waya, tunda ita ma wuta tana bi?

Yarona, ita ma waya tana da turjiya, kuma inda duk amfiya ta ratsa turjiya, zafi ne ke fita. Jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 1.0 yana da wajen om 18 a kowace kilomita, mai 1.5 wajen om 12, mai 2.5 wajen om 7.4.

A ce daga akwatin bireka zuwa shago tsawon mita 20 ne. Wuta tana zuwa tana komawa, saboda haka mita 40 za ka lissafa. Da mai 1.0, turjiya om 0.72. Idan ana jan amfiya 13, zafin da ke fita a jikin wayar 13 × 13 × 0.72 ne, wat 122, kuma bolt 9 sun ɓace a hanya. Da mai 2.5, turjiya om 0.3, zafi wat 50, bolt 4 kacal suka ɓace. Shi ya sa muke ba fitilu mai 1.5, soket mai 2.5, murhu da hitar wanka kuwa abin da ya fi haka. Kuma tunda amfiya ake ninkawa da kanta, idan kaya ya ninku biyu, zafi sau huɗu yake ƙaruwa.

Abin da ya fi ƙaramar waya ba ni tsoro shi ne mahaɗa mai sako-sako: wayoyi biyu da aka murɗa da hannu aka naɗe da tef, ko kusar soket da ba a ɗaure ba. Idan mahaɗar ta sami turjiyar rabin om, aka ja amfiya 10, to 10 × 10 × 0.5 wat 50 ne a wuri ɗaya da bai fi kan yatsa ba. Ƙarfen soda mai wat 40 yana narkar da dalma. Kuma bireka ba za ta faɗi ba, don amfiya 10 ba ta wuce ƙa'ida ba. Saboda haka nake bin bayanku da sukurdireba ina sake ɗaure kowace kusa.

Gidanmu na haya mita ɗaya ce, ana raba kuɗi bisa yawan kayan da ke ɗakin mutum, kowane kaya maki ɗaya. Akwai adalci a haka?

Babu, kuma wannan rigima ta raba maƙwabta da yawa da suka shekara suna cin abinci a kwano ɗaya. Mita ba ta ƙirga kaya, yunit take ƙirgawa. Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Lissafin: wat × awoyi ÷ 1,000.

Bari in kawo ɗakuna biyu na misali, kowanne da kaya biyar, a wata mai kwana 30.

Ɗakin farko na ɗan makaranta ne. Kwan LED biyu masu wat 9, awa 6 kullum, yunit 3.2. Fanka mai wat 60, awa 10, yunit 18. Talabijin mai wat 50, awa 5, yunit 7.5. Cajar waya kuwa, ko kullum yana cika wayarsa daga sifili, ba ta kai yunit ɗaya a wata. Jimla wajen 30.

Ɗaki na biyu na mai sayar da sobolo da ƙanƙara ne. Kwai ɗaya, yunit 1.6. Fanka, 18. Buta mai wat 2,000, rabin awa kullum, yunit 30. Dutsen guga, awa biyu a mako, wajen 8. Firiza mai wat 150, injinta yana aiki kamar awa 14 a rana saboda yawan buɗewa da zuba sabon kaya, yunit 63. Jimla wajen 120.

Maki ɗaya ne, amma ɗaya ya sha ninki huɗu na ɗayan. Ita ma mai firizar ba zalunci ta yi niyya ba, tsarin ne ya ɓoye mata gaskiya. Abin da nake ba masu gida shawara shi ne a zauna rana ɗaya da takarda da biro, a shiga ɗaki ɗaki a kwafi wat ɗin kowane kaya, a yi yarjejeniya kan awoyi, a fitar da kason kowa. Ba zai zo daidai da ƙwayar yunit ba, amma ya fi maki nesa ba kusa ba. Firij da na'urar sanyaya ɗaki sababbi suna zuwa da takarda mai taurari ta Hukumar Makamashi, kuma ta firij tana nuna yunit ɗin da yake ci a shekara, sai a raba da 12.

Akwai wani abin da ba kowa ya sani ba. Farashin da hukumar PURC ke yankawa hawa hawa ne: mai shan wuta kaɗan yana da rangwame, mai sha da yawa yunit ɗinsa ya fi tsada. Idan ɗaki goma suka taru a mita ɗaya, mitar tana ganinsu kamar gidan attajiri guda, sai talakan da ya cancanci rangwame ya rasa shi. Wanda ya sami hali ya nemi mitarsa daban, ya huta. Ban sa farashi a nan ba don ana sauya shi akai-akai. Ka duba farashin yunit a takardar kuɗin wutarka, ka ninka da yunit ɗinka.

Idan wuta ta yi rauni da yamma, me ya sa guga ba ya yiwuwa, firij kuma yake ta gurnani?

Turjiyar dutsen guga tana nan a om 53. Idan bolt ya sauka zuwa 180, sai ka yi 180 × 180 ÷ 53, wat 611. Bolt ya ragu da kusan kashi 22 cikin ɗari, zafi ya ragu da kusan kashi 39. Dutsen ba zai lalace ba, jinkiri kawai zai yi.

Firij da famfon tura ruwa daban suke, domin inji ne mai juyawa da ke ɗauke da nauyi. Idan turi ya ragu, sai ya ƙara jan amfiya don ya cika aikinsa, wayoyin cikinsa su yi zafi. Idan raunin ya yi yawa, ba ya ma iya tashi: za ka ji gurnani na 'yan daƙiƙu, sai ƙas, ya yi shiru, jim kaɗan ya sake. Idan ka ji haka, zare shi. Haka kuma bayan an ɗauke wuta an dawo da ita, abin da shekarun dumsor, wato na yawan ɗauke wuta, suka koya wa kowa, a ba firij 'yan mintoci kafin a mayar.

Sitabilaiza tana taimakawa, amma ba ta ƙirƙirar wuta. Don ta ba da wat 1,000 daga bolt 180, sai ta ja amfiya 5.6 a maimakon 4.35, kuma wayar gidanka ce ke ɗaukar ƙarin.

Ɗan'uwana ya aiko mini da kaya daga Amurka. Na sa masa kan da ya dace da soket ɗinmu, nan take ya yi hayaƙi.

Kan fulogi siffar ƙafa kawai yake sauyawa, bai taɓa bolt ba. Wutar gida a Amurka bolt 120 ce. Abin gasa burodi mai wat 1,200 da aka yi wa can, turjiyarsa 120 × 120 ÷ 1,200, om 12. Ka ba shi 230, sai ya ja amfiya 19, ya fitar da wat 4,400, kusan ninki huɗu na abin da aka gina shi a kai. Karanta bayan kaya kafin ka jona. Idan an rubuta 100–240V, kamar yawancin cajojin waya da na kwamfuta, babu damuwa. Idan 110V ko 120V ne kaɗai, sai da taransifoma mai rage wuta, kuma wat ɗinta ya zarce na kayan da tazara.

Na auna tsohon kwan fitila mai wat 60, lissafi ya ce om 882, mita ta nuna ƙasa da 100. Wa ya yi kuskure?

Babu. Turjiyar ƙarfe tana ƙaruwa da zafi, kuma zaren kwan yana haura digiri 2,000 idan yana ci. Om 882 na lokacin da yake haske ne, kai kuma a sanyi ka auna. Shi ya sa irin waɗannan ƙwayaye suka fi mutuwa daidai lokacin kunnawa, sa'ad da turjiya take ƙasa, amfiya ta kwararo da yawa. Gana ta haramta shigo da su tun dokar 2008. Kwan LED da caja da talabijin kuwa, kada ka wahalar da kanka da auna om ɗinsu, kayan cikinsu ba sa bin dokar Ohm kai tsaye. Wat ɗin da aka rubuta shi ne abin dogaro.

Janaretana 2.5kVA ne. Wat 2,500 ke nan?

Ba lallai ba. A kayan zafi, bolt sau amfiya yana ba da wat kai tsaye. A inji mai juyawa, wani kaso na amfiyar kai-komo kawai yake yi tsakanin injin da layi ba tare da ya zama aiki ba. Famfon da ke jan amfiya 5, lissafi ya ba da 1,150, amma wannan VA ne, wato bolt sau amfiya, ba wat ba, kuma kVA ɗaya VA 1,000 ne. Idan ma'aunin ingancinsa, wato kason da ke zama aiki, 0.8 ne, wat ɗin gaske 920. Don haka, idan ba a rubuta wat a jikin janareta ba, ɗauki kVA ka ninka da 0.8, naka ya zama wajen wat 2,000. Ka kuma bar sarari, saboda firiza da famfo suna fizgar ninki da yawa na amfiyarsu a daƙiƙar tashi. Waya da fiyus kuwa da amfiya ake zaɓarsu, ba da wat ba. Idan ƙarfin doki aka rubuta a inji, doki ɗaya wat 746 ne.

Mu a Magazine da batir mai bolt 12 muke aiki. Lissafin ɗaya ne?

Ɗaya ne, sai dai ku amfiyarku ta fi yawa. Fitilar gaba mai wat 55 tana jan 55 ÷ 12, amfiya 4.6, turjiyarta om 2.6. Biyu, amfiya 9.2. Direba ya zo yana son haske, aka sa masa masu wat 100: kowace amfiya 8.3, biyu 16.7, a kan waya da makunnin da aka yi wa 9. Bayan 'yan makonni ya dawo soket ɗin fitila ya narke. Idan dole sai an ƙara, a ja sabuwar waya mai kauri daga batir, da rile (makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa) da fiyus nata.

A bolt 12 kuma ɗan tsatsa ba ƙaramin abu ba ne. Rabin om a mahaɗar bodi, idan aka tara shi da om 2.6 na fitila, amfiya ta sauka zuwa 3.9, fitilar ta sami bolt 10 kawai, haske ya yi ja. Kafin a ɗora wa batir ko altaneta laifi, a kankare wurin da aka ɗaure wayar bodi. Manyan motoci masu bolt 24 rabin amfiyar suke ja a wat iri ɗaya, kuma kwan bolt 12 ba ya rayuwa a cikinsu.

Batir ɗin inbata mai 100Ah zai kai ni awa nawa?

Ah amfiya-awa ke nan. Ninka bolt 12 na batir da 100, ka sami wat-awa 1,200. Batir irin na dalma ba a son a sha fiye da rabinsa idan ana so ya yi ƙarko, saura 600. Fanka 60, talabijin 50, kwai huɗu 36, jimla wat 146. Raba 600 da 146, awa huɗu, ka cire abin da inbatar kanta ke ci, ya koma kamar uku da rabi. Ka kula da igiyar da ke tsakanin batir da inbata. Kayan wat 600 amfiya 2.6 ne a ɓangaren 230, amma a ɓangaren batir amfiya 50 ne da ɗoriya. Igiyar ta zama gajera, mai kauri, da fiyus kusa da kan batir.

Bolt ne ke kisa ko amfiya?

Amfiyar da ta ratsa jiki ce ke kisa, bolt ne ke tura ta, turjiyar jiki ce ke yanke yawanta. Busasshiyar fata tana da turjiya mai yawa. Jiƙaƙƙen jiki, ƙafa babu takalmi a kan siminti, yana iya sauka zuwa wajen om 1,000. Raba 230 da 1,000, miliamfiya 230. Na'urar kariya da ake sawa a akwatin bireka don ceton rai tana yanke wuta a miliamfiya 30, ka ga tazarar. Bireka ta yau da kullum mai amfiya 20 ba za ta ko motsa ba, don ita waya take karewa, ba mutum ba.

Saboda haka hitar nan da ake tsomawa a bokiti tana tayar mini da hankali, musamman a gidan da yara suke. Kada a taɓa ruwan don a ji ko ya yi zafi sai an zare ta daga bango. Kowane gida ya kamata ya sami wayar ƙasa mai kyau da wannan na'ura ta miliamfiya 30, kuma wanda zai ɗaura su ya zama mai lasisin Hukumar Makamashi, kamar yadda dokar wayarin ta 2011 ta tanada. Idan wuta ta kama mutum, a kashe babban makunni kafin a taɓa shi. Idan gobarar lantarki ce, ba a zuba ruwa sai an yanke wutar, kuma lambar 'yan kwana-kwana 192 ce.

Me ya sa manyan layukan da ke shigowa Kumasi suke ɗauke da dubban bolt?

Don a rage amfiya. Madatsar Akosombo da aka kammala a 1965 tana iya ba da megawat 1,020, ta Bui kuma 400, kuma tafiyar da nisa. Idan aka ninka bolt biyu, amfiya ta ragu rabi, zafin da ke ɓacewa a hanya ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa kamfanin GRIDCo mai manyan layuka ke ɗauko wuta a bolt 161,000 da 330,000, a sauke ta zuwa 33,000 da 11,000, sannan taransifomar unguwa ta mayar da ita wadda muke sha.

Ina so in kunna ƙaramin LED ja da batir mai bolt 12. Wace rizisto zan sa?

Jan LED yana riƙe wajen bolt 2, yana son kamar miliamfiya 20. Saura bolt 10 da rizisto, wato 'yar na'urar turjiya, za ta shanye. 10 ÷ 0.02, om 500. A kasuwa za ka fi samun mai 560, zanenta kore, shuɗi, ruwan ƙasa. Zafin da za ta ɗauka bai wuce 10 × 0.02 ba, wat 0.2, don haka mai rabin wat ta fi kwanciyar hankali, musamman a mota inda bolt ke kaiwa 14 idan inji yana aiki.

Na sayi mitar gwaji. Yaya zan auna ba tare da na ƙona ta ba?

Bolt ana auna shi da wuta a kunne, tsinke ɗaya a kowane gefe, bayan ka zaɓi AC don wutar gida ko DC don batir. Om kuwa ba a taɓa auna shi da wuta a jiki. Zare kayan gaba ɗaya, kuma kada yatsunka su taɓa bakin tsinkayen biyu, in ba haka ba turjiyar jikinka ta shiga lissafi. Kayan da ke da kafasita, irin su talabijin da inbata da makirowef, suna riƙe wuta bayan an zare su, sabon shiga ya bar su sai gaban maigidansa.

Amfiya ce mai wuyar sha'ani, domin sai an yanke layi an sa mitar a tsakiya wuta ta ratsa ta. A wutar gida na fi son mita mai baki kamar filaya, wadda ake maƙala wa waya ba tare da an yanke komai ba. Waya ɗaya za ka kama. Idan ka kama igiya mai waya biyu a haɗe, sifili za ka gani, don mai zuwa da mai komawa suna soke juna. Idan kuma da tsinke ka auna amfiya, da ka gama ka mayar da jan tsinken ramin V nan take. Idan ka bar shi a ramin A ka tsoma a soket, ka haɗa layi biyu ke nan kai tsaye ta cikin mitar da ke hannunka.